Ranka Ya Daɗe, Ba a Ganin Titi

Na san ku sarai. Tun daga kan take wasunku suka taɓe baki: wai mutum ya rasa abin da zai cika shafi da shi sai jiragen manya, kuma a Sudan, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tun watan Afrilun 2023. Ga wani can ina jiyo shi yana cewa, “Malam, mu da tikitin Kano zuwa Abuja ma sai an yi adashi, ina ruwanmu da jirgin da ke ɗaukar mutum takwas a kan kujerun fata?” To Alhaji, gyara zama. Akwai ruwanka, har da tsakinka. Jirgin da titi ya ɓace masa ba ya leƙo ƙasa ya tambayi wanda ya sayi tikiti.

Je ka tambayi mutanen Haj Yusuf, unguwar talakawa da ke gabashin Bahri, ƙetaren Shuɗin Nilu daga Khartum. Ranar 3 ga Mayun 1996 wani Antonov 24 ya taso daga Wau, can kudu, ya iso ya tarar ƙura ta rufe gari ruf. Ya yi ta kewaye yana laluben titi, ya gwada sauka ba sau ɗaya ba, daga ƙarshe ya afka wa wani gini a unguwar. Mutum 53 ke cikinsa, babu wanda ya fita. Filin jirgin Khartum kuwa ba a bayan gari yake ba, a cibiyar gari yake: titi ɗaya tilo, miƙe daga arewa zuwa kudu, bai cika kilomita uku ba, unguwar Amarat a yamma, Riyad a gabas, hedikwatar sojoji a maƙale da shi. Mai sayar da agashe a gefen Titin Afirka ya fi wasu ma'aikatan filin kusa da tayar jirgi. A Umdurman ma, cikin Fabrairun 2025, jirgin soja da ya tashi daga sansanin Wadi Sayyidna ya rikito kan gidaje a Karari, mutum 46 suka rasu, har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu. Wannan ba laifin ƙura ba ne, na kawo shi ne kawai don mai adashi ya daina cewa ba ruwansa.

Yauwa, ga na biyu ya ɗaga hannu. Bazazzagi ne, na gane shi tun daga yadda ya gyara tabarau. Don kawai an kafa musu kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, kowane Bazazzagi ganin kansa yake matuƙi, ko da keke bai iya ba. Ya ce, “Hazo a Khartum? Garin da ruwan shekara bai kai milimita 200 ba, daga ina danshin zai zo?” Wannan karon dai bawan Kanawa ya yi gaskiya. Farin hazo mai laima irin na Turai, wanda ke kwanciya kan gari da asuba, baƙo ne a Khartum. Abin da Allah ya hore wa garin shi ne habub, kuma da za a ba matuƙi zaɓi, da gudu zai ɗauki hazon.

Lokacinsa daga wajen Mayu ne zuwa Satumba, gabanin damina da cikinta. Hadari kan haɗu a kan filayen Jazira, kudu da gari, inda ƙasa ta bushe ta zama gari. Iska mai sanyi ta sulalo daga cikin gajimare ta daki ƙasa, ta rasa wajen zuwa sai ta bazu gaba da ƙarfi, tana kwasar duk ƙurar da ta tarar. Daga Umdurman sai ka hango jan bango ya tokare sama, tsayinsa ya kan haura kilomita guda, yana tahowa da la'asar. Mata masu shayi a bakin Nilu su fara tattara kujeru da kofuna. Kafin ka ɗaure rawani tsibirin Tuti ya ɓace, Mugran inda kogunan Nilu biyu ke haɗuwa ya ɓace, kubbar Mahadi ta ɓace, rana tsaka masu raksha, wato a-daidaita-sahu, sun kunna fitila. Bayan awa biyu ko uku ya wuce, wani lokaci da ruwa a bayansa, a shiga sharar ɗaki.

Bambancinsa da hazon hunturunmu shi ne namu mai ladabi ne. Ya zo ya zauna kwana da kwanaki, ya fasa mana leɓe, ya hana ganin Dala daga Gwauron Dutse, amma ba ya kokawa da kowa. Habub makanta ce haɗe da dambe. Iskar da ke gabansa tana juyawa farat ɗaya: yanzu tana bugun jirgi ta gaba tana ɗaga shi, yanzun nan ta koma ta bayansa ta zare masa ƙarfin fiffike, alhali saura ƙiris ya taɓa ƙasa.

Sai mu yi ɗan lissafi, kuma wanda ya gudu daga ajin lissafi ya yi haƙuri, ba zai kai minti biyu ba. A filin da ke da na'urar jagoran sauka, ana harba sigina biyu daga ƙasa: ɗaya tana gaya wa matuƙi ko ya karkace dama ko hagu, ɗaya tana gaya masa ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. Yana bin su ido rufe, wato idonsa na kan allo, har ya sauko saura ƙafa 200 tsakaninsa da ƙasa, kimanin mita 60 ke nan. A nan doka ta ce ya ɗaga kai. In ya ga fitilun titi, bismilla. In bai gani ba, ya ba injin wuta ya koma sama, ba shawara, ba “bari in ƙara leƙawa”. Matakin farko na wannan na'ura yana son a iya hangen mita 550 a kan titi. Jirgi a lokacin yana gudun kusan kilomita 250 a awa, wato mita 70 a kowane sakan. Raba 550 da 70: sakan takwas ke nan. Daga ƙafa 200 kuma zuwa ƙasa, bai kai sakan ashirin ba. Iyakar abin da mutum ke da shi ke nan, kuma a fili mai kayan aiki. A filin da babu na'urar, dole ya tsaya can sama da haka, ya ga ƙasa tun daga nesa, ko ya haƙura.

“To ba yana jin jikinsa ba? Direba ai ya san in mota ta karkace.” A mota ƙwarai, don idonka na ganin hanya. Cikin ƙura, ruwan da ke cikin kunne, wanda shi ke gaya wa mutum yana tsaye ko yana kwance, ƙarya yake shararawa. Jirgi na karkata a hankali, kunne ya ce daidai muke. An ba injin wuta, kunne ya ce hanci ya ɗaga sama, hannu ya tura shi ƙasa. Shi ya sa horon matuƙi rabinsa koyon ƙaryata jikinsa ne, ya gaskata allo. Abin da kuka fi taƙama da shi, wato “ni jikina ya ba ni”, shi ne abin da ake fara cire wa yaro a makarantar Zazzagawan can.

Na ji mai carbi ya yi gyaran murya. “Ajali ne, Malam.” Wa ya musa? Ni ma na yi makarantar allo. Ba zan ma ɗauko muku hadisin mai raƙumi ba, don kun fi ni haddace shi, kuna janyo shi duk daren da za ku danna kwaɗo biyu a ƙofar shago. Tambayata ƙarama ce: me ya sa ajalin manya yake yawan yi musu alƙawari a daidai lokacin da ba a ganin titi, amma aka ce a gwada?

Sudan tana da amsa a maƙabartunta. Ranar 12 ga Fabrairun 1998 Janar Zubair Muhammad Salih, mataimakin shugaban ƙasa na farko, na hannun daman Umar al-Bashir, ya nufi Nasir kusa da iyakar Habasha a cikin Antonov na soja. Hukuma ta ce hazo da iska suka tarar. Jirgin ya zarce ƙarshen ɗan titin ya faɗa kogin Sobat, shi da wasu fiye da ashirin suka rasu. A watan Afrilun 2001 Kanar Ibrahim Shamsuddin, ƙaramin ministan tsaro, ya tafi shi da hafsoshi goma sha uku a filin Adar Yel, yankin rijiyoyin mai, cikin guguwar ƙura.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Talodi. Ranar 19 ga Agustan 2012, safiyar ƙaramar Salla, aka yi shatar wani Antonov 26 daga Khartum zuwa Talodi a Kordofan ta Kudu, gari a gindin duwatsun Nuba, inda ake fafatawa da 'yan tawaye a lokacin. Tawagar gwamnati ce za ta je ta yi Salla da mutanen garin, a nuna cewa hukuma na nan daram. A ciki akwai Ghazi al-Sadik, ministan harkokin addini da wakafi, da ƙananan ministoci, da janar-janar, da 'yan gidan talabijin na ƙasa da kayan ɗaukar hoto. Suka iso suka tarar da ƙura. Matuƙi ya gwada sauka, bai samu ba, ya koma sama. Har nan babu mai ganin laifinsa. Sai ya kewayo zai sake gwadawa, dutse ya tare shi. Mutum 32, babu ko ɗaya.

Ku sa kanku a kujerarsa. Kadugli na nan kusa, Al-Ubayyid na nan, Khartum ma da ya baro tana nan. Amma bayanka akwai minista da manyan kaya na Salla, ƙasa akwai jama'a da aka tara tun asuba, ga masu kyamara da aka ɗauko musamman don a nuna wa ƙasa hoton da daddare. Sallar Idi kuma ba a ɗaga ta zuwa gobe don jirgi ya makara. Ba sai kowa ya ɗaga murya ba. Shirun manya a bayan mutum ma magana ce, kuma duk wanda ya taɓa yi wa babba aiki ya san fassararta.

Ga ɗan boko ya miƙe, da wayarsa a hannu. “Duk waɗannan tsofaffin Antonov ne na zamanin Tarayyar Sobiyat. Kai kuma ka ce jiragen alfarma. Na zamani yana da kwamfuta, yana da kyamarar da ke gani cikin duhu.” Madalla da ɗan boko. Na farko dai, a Sudan Antonov shi ne jirgin alfarman, don takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017 ya sa sayen sabon jirgi da kayan gyaransa ya zama aiki, har Tarayyar Turai ta hana duk kamfanonin jiragen ƙasar shiga sararinta a 2010. Bashir da kansa, bayan haɗurran da suka biyo juna a Yunin 2008, ya kori shugaban hukumar jiragen sama ya dakatar da Antonov da Ilyushin. Shekara huɗu bayan nan ga ministocinsa cikin Antonov sun nufi Talodi. Amma tunda kana son mai kujerun fata, zo mu je Amurka, inda babu takunkumi babu ƙarancin kayan gyara.

Ranar 29 ga Maris 2001 wani attajiri ya yi shatar Gulfstream daga Los Anjelis zuwa Aspen, garin shaƙatawar masu kuɗi a duwatsun Kolorado. Fasinjoji suka makara, jirgi ya tashi a latti da kusan minti arba'in. Filin Aspen yana cikin kwari, kuma akwai dokar hana irin wannan jirgi sauka in duhu ya shiga. Da aka gaya wa mai shata cewa wataƙila a karkata zuwa wani fili a Rifle a ƙarasa da mota, sai ya fusata, don ya kashe kuɗi mai yawa kan liyafar cin abincin dare da ke jiransu. Ana dab da isa, ɗaya daga cikin fasinjoji ya shigo ɗakin tuƙi ya zauna a kujerar da ke bayan matuƙa. Dusar ƙanƙara na zuba. Jiragen da ke gabansu sun gwada sun kasa sun juya, kuma matuƙan sun ji hakan a rediyo da kunnensu. Suka ci gaba da saukowa har ƙasa da inda doka ta tsayar, suna neman titi da ido, suka daki tudu kafin su kai. Mutum 18. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta rubuta matsin mai shata ƙarara cikin abubuwan da suka taimaka. Jirgin lafiyarsa lau, injinansa biyu na aiki har sakan na ƙarshe.

Abin yana kama da direban haya da direban gida. Direban haya a tasha in ya ce ba zai tashi ba sai gari ya waye, fasinja sai dai ya yi gunaguni ya nemi kwali ya shimfiɗa. Bai san ka ba, ba kai ke ba shi albashi ba, ga 'yan ƙungiya a bayansa. Direban gida kuwa maigida na kujerar baya, kuɗin makarantar yaransa na aljihun babbar rigar can, in an ce “ɗan taka mana, za mu rasa ɗaurin aure”, takawa zai yi. Matuƙin babban jirgin fasinja ƙofarsa a kulle take, kamfaninsa yana da ofishi a ƙasa mai duba yanayi wanda zai iya hana shi tashi, kuma manyan filaye masu na'ura yake zuwa. Ƙaramin jirgin alfarma kuwa, abin da ake saye da kuɗin nan masu yawa shi ne ya kai ka inda kake so a lokacin da kake so: ɗan fili kusa da gona, kusa da ma'adinai, kusa da mahaifar gwamna, wanda sau da yawa ba shi da na'urar jagora, wani ma ba shi da mai duba yanayi. Kwamfutar tana nan, tana ihu in ƙasa ta matso. Sai dai ita ba a korar ta daga aiki.

Saura ku 'yan majalisar mai shayi, waɗanda tun ɗazu kuke murmushin “yaro bai san duniya ba”. Ku a wajenku babba bai taɓa mutuwa da ƙura ba. Harbo shi aka yi, ko an sa masa wani abu a mai, ko an saye matuƙi, wai matuƙin ya karɓi kuɗi don ya mutu tare da shi. Na yarda ana kashe manya, tarihin Sudan ma ba ya rasa misali. Amma ku dubi abin da wannan ɗabi'a ta jawo a Khartum. Ranar 9 ga Yulin 2005 aka rantsar da John Garang mataimakin shugaban ƙasa na farko, bayan yaƙin shekara ashirin da ɗaya. Mako uku kacal, ranar 30 ga wata, jirgi mai saukar ungulu na shugaban Yuganda da ke mayar da shi gida ya daki dutse kusa da iyaka, cikin duhu da mummunan yanayi. Kafin a ɗauko ko ƙusa ɗaya daga tarkacen, masu shayin Khartum sun gama bincike sun yanke hukunci. Gari ya kama da wuta, aka ƙone shaguna da motoci, mutum fiye da ɗari suka mutu cikin 'yan kwanaki, yawancinsu ko ƙofar jirgi ba su taɓa taɓawa ba. Da binciken haɗin gwiwa ya fito a shekara mai zuwa, kuskuren matuƙa da yanayi ya nuna. Har gobe akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma na san kuna cikinsu. Abin da ke ba ni haushi da labarin maƙarƙashiya shi ne yana wanke kowa: wanda ya ƙi sayen fitilun titi, wanda ya ci kuɗin na'ura, wanda ya ce a tashi da magariba, duk sun kuɓuta, an ɗora wa wani maƙiyi da ba a gani.

Akwai mai karatu guda da nake shakka, don shi ba ya ihu, sai ya bari ka gama ya jefo tambaya. Zai ce, “Ka ce a juya. To jirgin Sudan Airways na Yunin 2008 ai ya juya. Na alhazanmu na 1973 ma karkato shi aka yi.” Haka ne. Ranar 22 ga Janairun 1973 Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda aka karkato shi Kano saboda yanayin Legas ya ɓaci, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Na Khartum kuma, ranar 10 ga Yunin 2008, Airbus ne ya taso daga Amman ya biyo ta Dimashƙa, ya tarar habub da hadari sun rufe gari, matuƙi ya yi abin da littafi ya ce: ya tafi Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, ya jira, ya sha mai, ya dawo da daddare. Ya sauka a kan titi, amma ya kasa tsayawa, ya zarce ƙarshensa, wuta ta kama. Cikin mutum 214, talatin suka rasu.

Sai dai, Malam mai tambaya, karanta rahoton har ƙarshe. Titi a jiƙe yake da ruwan da ya biyo ƙurar. Iskar da aka gaya wa matuƙi ba ita ya tarar ba, ta bayansa take tura shi. Ya taɓa ƙasa can ciki, ya cinye wani yanki na titin a sama. Sannan ɗaya daga cikin na'urorin da ke juya ƙarfin injin baya don taimakon birki a kashe take tun kafin tafiyar. Juyawa ba laya ba ce. Abu ɗaya take cirewa cikin jerin abubuwan da kan taru su kashe mutane, sauran kuma aikin mai gyara ne da mai auna iska da mai kasafin kuɗi. Kuma ka lura, mutum 184 sun fita da ƙafafunsu daga jirgin da ya sauka a kan titin da yake gani. Ƙirga mini waɗanda suka fita a Haj Yusuf da Talodi.

Mu ma a gida kada mu yi wa Sudan dariya. A Fabrairun 2019 jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya kife a Kabba, don ƙurar da fankarsa ta tayar da kanta ta rufe wa matuƙi ido, Allah ya sa kowa ya fita. Ranar 21 ga Mayun 2021 babban hafsan sojan ƙasa Janar Ibrahim Attahiru da wasu goma suka rasu a ƙaramin jirgin soja a Kaduna, ana cikin hadari. Kuma duk hunturu, in an soke tashin jirgi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri saboda hazo, wa ke zagaye kanta yana buga tebur, yana tambayar yarinyar da ke bayan kwamfuta ko ta san ko shi wane ne? Kai ne, Alhaji mai adashi, ranar da adashin ya fito. Ashe halin ba na masu jirgi kaɗai ba ne, jirgin ne kawai ba ka samu ba.

Filin Khartum ma bai tsira daga yaƙi ba. Dakarun RSF da ke faɗa da sojojin gwamnati sun kama shi a ranar farko ta yaƙin, sojoji suka ƙwato shi ranar 26 ga Maris 2025, da ƙonannun jirage zube a harabarsa. Sabon filin da aka daɗe ana alƙawari kudu da Umdurman, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari, yaƙi ya same shi ba a gama ba. In ƙura ta lafa, ta bindiga nake nufi, waɗanda za su riga kowa sauka su ne masu ƙananan jirage: jakadu, 'yan kwangila, dillalan zinariya, masu shiga tsakani, kowa da agogonsa a hannu. Fenti da tutoci ba su da wuya. Na'urar jagoran sauka kuwa sai an kafa ta, an zo da jirgi na musamman ya auna ta, an sami wutar da ba ta ɗaukewa, an zaunar da mai duba iska wanda ake biya albashi. Habub ba ya cikin waɗanda za su sa hannu a yarjejeniyar sulhu, watan Yuni zai zo yadda ya saba.

Na ga wani ya ce duk wannan halin baƙar fata ne, mu ne ba ma iya ce wa babba a'a. Kai ma zauna, Bature bai fi ka ba. Ranar 10 ga Afrilun 2010 jirgin shugaban Polan, Lech Kaczynski, ya nufi Smolensk a Rasha don taron cika shekara 70 da kisan Katyn, taron da ba a ɗagawa. Hazo ya rufe filin, wanda tsohon sansanin soja ne maras na'urar zamani. Masu hasumiya suka ce babu halin sauka. Matuƙa suka ce za su gwada sau ɗaya su gani. Babban jami'in tsare-tsaren tafiya ya shigo ɗakin tuƙi. Na'urar gargaɗi ta yi ta ihu a ɗaga, fiffike ya daki bishiya, mutum 96 suka tafi, har da shugaban da matarsa da manyan hafsoshin ƙasar. Su ma, don ku san ba ku kaɗai ke da majalisar shayi ba, shekara da shekaru suna rigima kan ko bam ne.

Ga abin da ya faru kusan shekara biyu kafin nan. A watan Agustan 2008, ana cikin yaƙin Rasha da Jojiya, shugaban nan dai ya umarci matuƙinsa ya wuce kai tsaye Tibilisi. Matuƙin ya ce sararin ba lafiya, ba shi da izini, ba zai je ba. Shugaba ya taso da kansa har ɗakin tuƙi, mutumin ya tsaya kan bakansa, ya sauke su a Ganja ta Azarbaijan, aka ƙarasa da mota. Kowa ya isa da ransa, kuma tukuicin farko da ya samu shi ne gorin tsoro daga bakin shugaban a gaban 'yan jarida, wani ɗan majalisa na jam'iyyarsa kuma ya kai ƙararsa wajen masu gabatar da ƙara. Daga baya ministan tsaro ya ba shi lambar yabo. Matashin hafsan da ke kujerar mataimaki a wannan tafiya, wanda aka yi duk wannan a kan idonsa, shi ne ke riƙe da jirgin ranar Smolensk.